Mai Ƙaho da Kiran La'asar

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya," in ji Sharifa, ta miƙo fuskar wayarta har ta kusa taɓa wa Zakiru hanci. "Karanta da kanka, ɗan mace, tunda kai ne mai takardar bak ta gama sakandare. Ni dubu tara. Yaya Rabo dubu huɗu da ƴan kai. Kai kuwa ɗari biyu da sha ɗaya. Ko sauro ya shiga dajin nan ya fi ka ɓarna."

"Ai ni ba sara ne aikina ba," in ji Zakiru.

"To mi ne aikinka? Rakiya?"

"Busa."

"Busa!" Ta juya wajen wanta. "Yaya, ka ji fa. Mu muna zubar da jini, shi shina biki."

Rabo ya yi dariya har ƙeyarsa ta bugi bangon zaure. Zakiru ma ya yi tasa, domin ba shi da zaɓi. Sharifa ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma duk wanda ya yi fushi da wasan taubashi ya zama abin labarin dangi har shekara ta zagayo.

Wata bakwai ke nan su uku suna haɗuwa kullum bayan azahar a zauren Kawu Mamani, mahaifin Rabo da Sharifa, can bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa in mutum ya matsa kusa da ƙofa. Wasan farautar dodanni suke yi a wayoyinsu. Mutum uku ke shiga daji tare, ba a ƙara ko ɗaya, kowa da makaminsa. Sharifa ta ɗauki takobin da ya fi mai riƙe shi tsawo. Rabo ya ɗauki guduma, domin guduma ba ta neman dogon tunani. Zakiru ya daɗe yana hawa da sauka cikin jerin makamai, ya wuce mashi, ya wuce baka, ya tsaya kan abin da kowa ke wucewa: ƙaho.

Ƙaho ne mai tsawon mutum, ana saɓa shi a kafaɗa. Duk lilon da aka yi da shi yana fitar da sauti guda. In ka jera sautukan yadda ya kamata, ka busa, sai taken ya sauka kan abokan farautarka. Wani take yana mayar wa mutum jinin da ya rasa, wato koren layin nan na saman ekran ɗin wayar ya sake cika. Wani yana ƙara wa hannu nauyi. Wani yana toshe kunne, don kada rurin dodo ya kafe mutum wuri guda kamar akuyar da fitilar mota ta haske. Amma allon da ke fitowa bayan an gama farauta bai san da wannan duka ba. Sara kawai yake ƙirgawa.

Ba son busa ya sa Zakiru zaɓen ƙaho ba. Magana ce ta ci amanarsa. Sau uku yana gwada faɗa wa Sharifa abin da ke cin ransa. Na farko, a wani suna, ya ce mata in ta yi dariya ji yake kamar an yi ruwan farko. Ta ce to ya hanzarta ya je ya yi shuka. Na biyu ya rubuto mata shafi biyu da ya yi kwana huɗu yana gyarawa. Ta tsaya tsakar gida ta karanta shi da ƙarfi, har da dafe ƙirji, mata suka yi shewa suka ce kai, taubashin nan ya iya wasa. Na uku bai ma kai ƙarshen maganar ba. Sai ya gane an haife shi a wurin da duk abin da ya fito daga bakinsa zuwa kunnenta, wasa ne.

Ƙaho kuwa ba taubashin kowa ba ne. Cikin takensa akwai na mayar da jini, sauti huɗu: biyu a ƙasa, ɗaya mai hawa, na ƙarshe dogo mai ɗan rawa kamar muryar wanda ke son ya yi kuka ya fasa. A ransa ya sa masa suna taken Sharifa. Ita kuwa ba ta san ja da baya ba. Takan faɗa tsakanin ƙafafun dodo kamar mai shiga ɗakin uwarta, a make ta, a taka ta, layinta ya yi ƙasa, shi kuma daga gefe ya jera huɗun nan ya busa. Sai ya saci kallonta: ekutar, abin sauraren nan, a kunnuwa biyu, igiyarsa ta shige ƙarƙashin mayafi, ta cije leɓe, wani lokaci ta yi ɗan murmushi. Yana tara murmushin nan, yana tafiya da shi gida. Ya tabbata tana ji. Ya tabbata ta gane, kunya ce kawai.

Ekutar ɗin dokar Kawu Mamani ce. Ranar farko da rurin dodo ya fito daga wayoyi uku lokaci guda, ragon da yake kiwo a turke ya tsinke igiya ya yi kwana biyu bai ci dusa ba. Tun ranar kowa ke toshe kunnensa. Zakiru dai guda yake sawa, ya bar ɗaya kunnen a buɗe, ta ɓangaren da take zama.

Yau su huɗu ne a zauren. Na huɗun Agali ne, abokin Rabo, mutumin Tagriss mai tuƙa kamiyon raguna zuwa Maradi. Mako biyu ke nan yana zuwa, yana zama kan tabarma yana dafa musu shayi, yana kallo. Wayarsa faɗin faranti, ekutar ɗinsa ƴan ƙanana farare marasa igiya, kamar ƙwayar gujiya. An ce da baka yake farauta, kuma kibiyarsa ba ta kuskuren ido. Abin da ya fi ɓata wa Zakiru rai shi ne mutumin yana da kirki. Ya nemi abin ƙi a jikinsa ya rasa.

"Ga magana guda," in ji Sharifa, ta gyara zama. "Kwana tara Dillali na wasa da mu." Dillali shi ne sunan da suka sa wa dodon da ya gagare su, wanda kullum lokacin farauta ke ƙarewa bai faɗi ba, saboda kai biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane da abin da yake faɗa maka. "Yau in ya faɗi, ɗan mace, ka zauna. In bai faɗi ba, ka ba Agali wuri, ka karɓi butar shayi. Ko Yaya?"

"Ni dai a kashe abin nan," in ji Rabo.

"A'a, kada ku tada mutum saboda ni," in ji Agali, yana ɗaga buta sama, shayin na sauka siriri cikin kofi.

"Ba saboda kai ba ne, saboda ɗari biyu da sha ɗaya ne."

Zakiru ya ce ya yarda, da murmushi, kamar wanda aka ce ya miƙo gishiri. Amma ya san abin da ke bayan butar shayi. Kwana biyu zai yi yana dafawa, na uku ya ji kunya ya daina zuwa. Daga nan sai ya koma taubashi irin na kowa: ya shigo ya gaida Kawu, a tsokane shi a bakin ƙofa, ya fita. Awa biyun nan na kowace rana, da gwiwarta taku biyu daga tasa, su ne duk abin da ya mallaka.

Rezo ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Rabo ya fita da wayarsa ya ɗaga ta sama kamar mai nuna wa Allah shaida. Ba su samu shiga daji ba sai da inuwar bango ta kai rabin hanya.

Zakiru bai taɓa busa irin ta ranar ba. Tun kafin Dillali ya buɗe baki ya toshe musu kunne. Ya ƙara wa gudumar Rabo nauyi, ya ƙara wa takobin Sharifa, ya mirgina ya kauce wa jela, ya tashi da sauti biyu a ajiye, ya cika su ya busa. Kan gaba na feso wuta, na baya na feso taɓo, Sharifa na tsakiya tana sara tana faɗin, "Zo mana! Zo, ɗan banza, ka faɗa mini kuɗin saniyar!" Layinta ya sauka, ya ɗaga shi. Ya sake sauka, ya sake ɗagawa. Bai ma lura Agali ya bar shayi ya dawo bayansa ya durƙusa yana kallon yatsunsa ba.

Rabo ya fasa ƙahon kan baya. Dodon ya fara ɗingishi, yawu na zuba daga bakunansa biyu.

"Ya kusa! Wallahi ya kusa!" in ji Rabo. "Minti biyu!"

Sai lasifikar masallacin da ke jikin katangarsu ta yi tari. Malam Arzika, ladanin unguwa, ya ƙwanƙwasa ta sau biyu da yatsa kamar yadda ya saba, ya ja numfashi, ya fara kiran la'asar.

Babban yatsan Zakiru ya tashi daga kan ekran.

Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Tun yana shekara biyar shi ne mai rugawa ya kashe rediyon innarsa in an fara kira. Ya ga makaɗan biki suna kifa tafin hannu kan fatar ganga a tsakiyar rawa, amarya da ƙafa ɗaya a sama. Ya ga mai shago yana miƙa hannu ta bayansa ya rage waƙa ba tare da ya daina auna sukari ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Abin yana cikin yatsan ne. A cikin daji, ɗan mafaraucinsa ya sauke ƙaho daga kafaɗa ya tsaya cik, cikin ladabi, wuta na wucewa ta gefen kunnensa.

Sauran biyun ba su tsaya ba, kuma ba su yi laifin komai ba, tunda takobi ba kiɗa ba ne. Leɓɓan Rabo na amsa wa ladan, gudumarsa na sauka.

Duk unguwar ta san kiran Malam Arzika. Tsoho ne mai dogon numfashi, yana riƙe kowace kalma kamar ba ya son rabuwa da ita, kuma tsakanin jimla da jimla yakan huta har mutum ya ɗauka ya gama. Takun Zakiru suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na toshe kunne ya fara tafiya. Dillali ya yi ruri da bakuna biyu, mai takobi ta kafe. Wuta ta same ta, koren layin ya zube zuwa rabi, ya zauna a nan. Karo na farko cikin wata bakwai bai tashi ba.

"Kai! Mi ya samu wayar nan?" Sharifa ta girgiza ta, ta buga ta a tafin hannu. Ta sake faɗawa tsakanin ƙafafun dodon kamar kullum, da gaba gaɗin wadda ba ta taɓa mutuwa ba. Jela ta share ta. Rabo ya ruga ya taimaka, taɓo ya riƙe shi, kan gaba ya juyo ya gama da shi. Dodon ya ɗingisa ya wuce ta gaban mai ƙaho, ya sunsuna shi, ya ga ba abin damuwa ba ne, ya yi gaba abinsa.

In biyu suka faɗi, farauta ta ƙare. Jan rubutu ya cika ekran daidai lokacin da Malam Arzika ya sauke kalmar ƙarshe. Zakiru ya yi addu'ar bayan kira, ya shafa, sannan ya tuna inda yake.

"Kai, mi ya tsai da kai?" Rabo ya fizge ekutar ɗinsa. "Na gan ka tsaye kamar jakin da ya ga gada!"

"Kiran salla ake."

"To mu ba mu ji ba ne?"

"Ku sara kuke yi. Ni kiɗa nake."

"Kiɗan da ke cikin kunnenka! Wa ke jin shi?"

"Shi ai shina ji," in ji Agali a hankali.

"To ka kashe muryar mana, ka ci gaba da dannawa!"

Wannan dabara ba ta zo wa Zakiru ba. Da ya juya ta a ransa kuma sai ya ga ko ta zo ba zai iya ba: mutumin cikin dajin dai busa zai ci gaba da yi, ko ana ji ko ba a ji. Bai faɗi haka ba, don ya san yadda za ta kaya a bakin Sharifa.

"Ku bar shi," in ji ta, tana ta latsa wayarta. "Ya tsaya, bai tsaya ba, duk ɗaya ne. Ni sulkena ne ya lalace. Wanga sulken fatar kwaɗo da na haɗa, shi ke mai da mini jini. Yau ya ƙi. Ko sun canza wani abu ne?" Ta ɗago. "Magana dai magana ce, ɗan mace. Ga buta can."

Zakiru ya fara naɗe igiyar ekutar ɗinsa a yatsa. Idonsa ya yi zafi, ya ɗora laifin kan hayaƙin gawayi.

"Ki yi haƙuri, Sharifa," in ji Agali. "Ba sulke ba ne."

"Kamar yaya?"

"Ina bayanshi ina kallo. Sau goma sha ɗaya jininki na sauka a farautar nan kaɗai, sau goma sha ɗaya shina busawa ya cika. Rurin da ba ya kama ku, shi ne. Gudumar Rabo ma, rabinta tashi ce. Ni na yi shekara biyu a wasan nan, ban ga mai ƙaho irin wanga ba. Duba bayanin sulken ki gani."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda layi ɗaya ke bukata.

"Mi ya ce?" in ji Rabo.

"Maganin sanyi ne," ta ce can ƙasa.

"Sanyi! Wata bakwai kina yawo cikin wuta da rigar sanyi!" Rabo ya kwanta kan tabarma yana shure-shure.

Zakiru bai yi dariya ba. Abin da ya yi wata bakwai yana jira ya zo, kuma ta bakin mutumin da ya zo karɓar wurinsa. Sharifa na kallonsa, kallon da babu tsokana cikinsa, kamar yau aka kawo shi gidan. Ya ji in bai yi magana yanzu ba, ba zai sake samun dama irin wannan ba.

"Amma ai kina jin taken," ya ce. "Duk sanda aka buge ki. Guda huɗun nan." Ya rera mata su da hanci, biyu a ƙasa, ɗaya mai hawa, da dogon na ƙarshe, wanda ya tsinke masa a tsakiya. "Kullum shi nake miki. Ke kaɗai... wato, shina sauka kan Rabo ma, amma ke nake..."

Sharifa ta sa hannu ƙarƙashin mayafinta ta jawo igiyar ekutar ɗinta. Ta yi ta jawowa har ƙarshenta ya fito. Ba a jone yake da komai ba. Kan ma ya gutsure, ƴan siraran wayoyi sun yi cirko-cirko.

"Tun kafin azumi ya karye," ta ce. "Ni ba murya nake wasana. Inna ce in ta gan shi a kunnena sai ta ɗauka darasin jarrabawar konkur nake saurare, ba ta aike na."

"Tun kafin azumi."

"Da can ma ragewa nake. Rurin na sa mini ciwon kai." Ta ɗan karkata kai. "Daɗi gare shi?"

Zakiru ya tuna murmushin da ya yi ta kwasa yana kaiwa gida, ya gane na lambobin da ke tashi daga bakin takobinta ne.

"Daɗi gare shi sosai," in ji Agali, da zuciya ɗaya. Ya ciro ƴar farar ƙwaya guda daga kunnensa, ya goge ta da bakin rawaninsa, ya miƙa mata a tafin hannu. "Riƙe wannan. Da wayata suke haɗe su biyu. In muna daji ɗaya, duk abin da ya busa, ke ki ji da wannan, ni in ji da ɗayan."

Ta karɓa. Ta juya ta a yatsu, ta ɗaga gefen mayafi ta sa a kunne, ta tambaye shi ko ta zauna daidai. Ya matso ya duba, ya ce ta ɗan murɗa ta. Ta murɗa, ta yi dariya, irin wadda Zakiru ya taɓa kwatantawa da ruwan farko.

Daga waje aka ji ƙarar buta da muryar Kawu Mamani. "Mafarauta! In kun gama ceton duniya, an kusa tada salla."

Mazan uku suka miƙe suna neman takalma. Sharifa ba ta tashi ba tukuna. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, a natse, yadda mahaifinta ke duba raguna ranar kasuwa: mai baka, mai ƙaho, mai guduma. Zakiru ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, yana roƙon Allah a bar shi, yana kuma fara jin tsoron a amsa masa.

"To, na yanke," ta ce da ƙarfi. "Yaya, kai za ka huta, ka karɓi shayi. Agali ya shigo. Ɗan mace na nan da ƙahonshi, ba mai taɓa mini shi. In kun dawo daga masallaci, Zakiru, ka busa mana taken nan naka, ni da Agali mu ji."